Mai Wankin Tawada

Masu iya magana sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. Ni dai ban taɓa zaton zan ga ranar da za a ɗora rubutuna a kan sikeli, a auna shi kamar yadda ake auna dankali a kasuwar Farin Gada ba, sai ga shi na gani da idona a cikin watan Agusta na shekarar 2022. Mai karatu zai tuna cewa a wannan shekara malaman jami'o'in gwamnati sun shiga yajin aiki tun ranar 14 ga Fabrairu, ba a kuwa janye shi ba sai ranar 14 ga Oktoba. Albashi ya tsaya, amma ita tukunya babu ruwanta da yajin aiki, kullum sai an ɗora ta. Ga marka ta sauka a Jos, ga sanyi, ga ɗakin da nake ajiye takarduna ya fara yoyo. Ran nan sai maiɗakina ta ce da ni, "Malam, waɗannan kwalaye dai ko ka rabu da su, ko gara ta raba ka da su. Ga yaran nan masu sayen tsohuwar takarda suna wucewa kullum."

Na yi kwana biyu ina jan ƙafa, a rana ta uku na fito da kwalayen tsakar gida. A ciki akwai tsofaffin jaridu, da takardun fotokwafi da na tara tun ina ɗalibi, da kwafe-kwafen kundin digirina na uku guda bakwai, kowanne da jan biron malamin da ya duba ni. Sa'an nan akwai kwali huɗu da ban taɓa buɗewa ba, cike da wani ɗan littafin gajerun labarai da na buga da kuɗin aljihuna, wanda kasuwa ta ƙi. Yaron da ya zo saye ya rataya sikelinsa a reshen gwaiba, bai dubi ko shafi ɗaya ba. Abin da ya ce kawai shi ne farar takarda ta fi jarida kuɗi, jarida kuma ta fi kwali. Na tambaye shi ina ake kai su, ya ce, "Tirela ke kwashewa, Malam, a kai kudu a wanke." Na yi shiru, domin na riga shi sanin amsar. Wanda ya ɗauki nauyin karatuna tun daga firamare har jami'a, wato yayana da muke ciki ɗaya, shekara ashirin da bakwai ya yi yana wannan wanki.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, lebura ne a filayen kuza na wajen Bukuru. Aikinsa shi ne wankin kuza, wato a zuba ƙasar da aka haƙo a cikin ruwa mai gudu, yashi da laka su tafi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa a kwashe. Da wannan ya ciyar da mu har zuwa ƙarshen shekarar 1985, lokacin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata, aka bar mana manyan kududdufai da tsibin ƙasa, waɗanda har yau duk wanda ya bi hanyar Bukuru ko Barikin Ladi zai gan su. Yaya yana aji huɗu na sakandare a lokacin, kuma kowa ya shaida ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Ya ajiye karatu, ya yi 'yan buga-buga a cikin gari, daga baya a 1988 ya hau bayan motar tumatir ya nufi Legas. A can ya sami aikin dako a wani kamfanin da ke sarrafa tsohuwar takarda. Daga dako aka mayar da shi wajen tantancewa, daga nan zuwa bakin tukunyar dama takarda, har a ƙarshe aka damƙa masa injin da ke raba tawada da takarda. Duk wata sai saƙo ya iso hannun wani direba, kuma daga cikin saƙon nan ake saya mini littafi da biro.

A dogon hutun shekarar 2000, ina aji biyu a jami'a, na je wurinsa na yi wata uku ina aikin yini a ƙarƙashinsa. Abin da na gani a can shi ne zan ɗan bayyana, domin yawancinmu da muke rayuwa da takarda ba mu san inda take zuwa ba bayan ta bar hannunmu.

Ita takarda asalinta ƙananan zaruruwan itace ne da aka dama da ruwa, aka shimfiɗa, aka busar. Saboda haka idan aka mayar da ita cikin ruwa aka dama, sai ta warware ta koma kunu. Matsalar ita ce tawadar da ke jikinta, domin idan aka bar ta a ciki, sabuwar takardar za ta fito ruwan toka mai ɗigo-ɗigo. Aiki yana farawa ne daga kan wani dogon bel mai tafiya, inda mata da maza ke tsaye suna tsince leda da ƙarfe da kwali da takardar da aka shafa wa roba. Abin da ya wuce sai ya faɗa cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe wadda ta fi ɗakin kwananmu girma, a ƙasanta akwai farfela mai juyawa kamar maburgi. A nan ake zuba ruwan ɗumi, da soda irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, domin ta kumbura zaren ta saki tawadar, da ruwan haidirojin mai ƙarfi, ɗan'uwan wanda ake wanke gyambo da shi, domin kada sodar ta mayar da kunun rawaya, sa'an nan da wani irin sabulu. Daga tukunya kunun yakan bi ta rariyoyi iri-iri masu tare gam da leda, ya kuma bi ta wasu bututu masu siffar mazurari da ke wulwula shi har yashi da fil-fil ɗin maƙala takarda su nutse.

Bayan wannan ne ake isowa wurin Yaya. Nasa ɓangaren jerin manyan tankuna ne, inda ake tsinka kunun ƙwarai, har ya zama a cikin kashi ɗari kusan kashi ɗaya ne kawai takarda, saura duk ruwa. Sai a riƙa hura iska ta ƙasa. Hikimar ita ce, zaren takarda yana son ruwa, ita kuwa tawadar bugu mai maiƙo ce, gudun ruwa take yi. Da ƙwayoyin iska sun taso sai ɓarɓashin tawada ya manne musu, su ɗauko shi zuwa sama, ya taru ya zama baƙar kumfa mai kauri, a kwashe ta a zubar gefe. Kunun da ya fita daga tankin ƙarshe ya fi wanda ya shiga na farko haske ƙwarai, sai a tace shi, a ƙara wanke shi, a tura wa injin da ke shimfiɗa sabuwar takarda. Daga baya na karanta cewa wannan dabara ta kumfa daga wajen masu tace ma'adinai aka aro ta. Da na gaya wa Yaya sai ya yi dariya ya ce, "Ashe gado na yi. Baba yana wanke ƙasa ya riƙe baƙin, ni ina wanke takarda in zubar da baƙin."

Wanda bai sani ba zai ɗauka aikin tsayuwa ne kawai a gaban maɓallai. Ni ma haka na zata, sai da na ga yadda Yaya ke karanta kumfa kamar yadda malamanmu ke karanta waƙa. Idan ta yi fari-fari da yawa, ya san zare ne ke bin ta, ana asara, sai ya rage iska. Idan ta kwanta ta ƙi tashi, ya san sabulu ya gaza. Yakan ɗebo kunu a tafin hannu, ya matse, ya ɗaga wajen fitila, ya faɗa maka irin takardar da aka zuba a tukunya alhali bai je wurin ba. Shi ya koya mini cewa tawada ma jinsi-jinsi ce. Ta sabuwar jarida tana saurin saki, amma jaridar da ta daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi, tawadarta takan bushe ta kama zare kamar kaska. Ta fotokwafi kuwa garin roba ce da aka narkar da wuta a kan takarda, don haka takan farfashe ta zama ɓawo-ɓawo masu faɗi waɗanda kumfa ke wahalar ɗauka. Babban abokin gabarsa shi ne gam, irin na ambulan da na bayan littafi, domin idan ya kuɓuce wa rariya sai ya je ya manne a injin shimfiɗa, takarda ta tsinke, aiki ya tsaya, heluma ya taso da faɗa. Ya kuma gaya mini cewa zare ba ya dawwama. Duk zagayen da ya yi sai ya gajarce, bayan kamar sau biyar zuwa bakwai ba ya sake haɗuwa, sai ya bi kumfa ya zama laka.

Aikin yana da nasa haraji, kuma da jiki ake biyansa. Ƙarar injuna ba ta yankewa dare da rana, har sai da kunnen Yaya na hagu ya daina ji sosai. A bayan hannunsa akwai tabon da soda ta bar masa wata rana da safar hannunsa ta huje. Ƙasan wurin kullum a jiƙe yake, ga santsi, ga warin tsohon kunu idan ya kwana. Idan wuta ta ɗauke da tsakar dare kafin janareta ya ɗauka, sai kunu ya daskare a cikin bututu, a kwana ana kwancewa ana wankewa. Mako guda aikin safe, mako guda na yamma, mako guda na kwana, har a cikin watan azumi.

Akwai wani abu da na lura da shi tun ranar farko. Kafin ya karɓi aiki, Yaya yakan riga lokaci da kamar rabin sa'a, ya tsaya a bakin bel tare da masu tantancewa, da wata 'yar jakar buhu a kafaɗarsa. Duk takardar da ya hango da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah sai ya cafke ta ya jefa a jaka. Dalilinsa a fili yake, domin yawancin abin da kamfanin ke yi da farar takarda shi ne tishu, na goge hannu da na banɗaki. Idan ya tsinci shafin Littafi Mai Tsarki na Kirista kuwa, sai ya ajiye wa wani abokin aikinsa mutumin Pankshin, shi ma idan ya ga rubutun Larabci ya ajiye wa Yaya. Haka suka ci gaba har bayan rikicin Jos na watan Satumba na 2001, lokacin da a gida mutane suka koma kowa unguwar 'yan addininsa. Ranar Juma'a Yaya yakan kai abin da ya tara masallaci, a haɗa da tsofaffin takardun wurin a ƙona a binne tokar a wuri mai tsarki. Ya sani sarai abin da yake tsincewa bai kai ɗaya bisa dubun abin da ke wucewa ba, abin kuma yana damunsa. Amma yakan ce Allah ba Ya tambayar bawa abin da idonsa bai gani ba.

A nan ne zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake faɗinsa da nauyi. A wancan lokaci ina cikin zafin ƙuruciya, na fara karanta Abubakar Imam da Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu da idon nazari, ina ganin duk duniya babu abin da ya kai rubutu daraja. Wani dare muna tsaye a kan tanki, na ga rabin wani littafin waƙoƙi ya wuce cikin tukunya, sai na ce masa, "Yaya, wallahi aikin nan naka kisan rubutu ne. Mutane su ɓata shekaru suna rubutawa, kai ka shafe a cikin sa'a guda." Bai yi fushi ba. Ya gama daidaita abin da yake daidaitawa, sa'an nan ya matso kusa da kunnena saboda ƙara, ya ce, "Auta, duk takardar da ka ga ta iso nan, a hannun masu ita ta mutu. Ni wanka kawai nake yi mata." Ban sami abin cewa ba, amma kuma ban saduda ba. Shekaru da yawa bayan haka, idan abokan aiki suka tambaye ni sana'ar yayana, sai in ce yana harkar takarda a Legas, in yi sauri in kawo wata magana. Mutumin da ya saya mini tawada da kuɗin wankin tawada, shi nake jin nauyin ambaton aikinsa. Allah Ya yafe mini.

Karatu ne ya fara warware mini wannan wauta, domin tarihin takarda kaf tarihin sake amfani da abin da aka yar ne. Mutumin Sin ɗin nan Cai Lun, wanda ake danganta wa kyautata sana'ar a shekara ta 105 Miladiyya, da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi ya yi tasa. Takardar nan mai alamar jinjirin wata uku, wadda ake kawowa daga arewacin Italiya ta ratso Sahara zuwa Kano da Borno, wadda malamanmu na ƙarni na 19 suka rubuta littattafai da waƙoƙi masu yawa a kanta, ita ma daga tsumma aka yi ta. Wanda yake son ganin irin waɗannan rubuce-rubuce ba sai ya yi nisa ba, akwai su a ajiye a Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Shi kansa wankin tawada malamin jami'a ne ya fara bayyana shi a rubuce, wato Justus Claproth, shehun malamin shari'a a Jami'ar Göttingen ta Jamus, wanda a 1774 ya fitar da wata 'yar ƙasida da aka buga a kan takardar da aka wanke. A 1800 kuma Matthias Koops ya sami takardar mallakar fasahar cire tawada a Ingila. Ashe abin da na raina, wani mai irin rigata ne ya yi alfahari da shi shekara ɗari biyu kafin a haife ni.

A ƙasarmu kuwa buƙatar ta fi tsanani. Gwamnati ta kafa manyan masana'antun takarda uku, na Jebba wanda ya fara aiki a 1969, da na Oku Iboku mai yin takardar jarida, da na Iwopin. Kafin ƙarshen shekarun 1990 duk ukun sun durƙushe. Tun daga nan yawancin farar takardar da muke bugu da rubutu a kanta daga waje ake sayo ta da kuɗin ƙetare, shi ya sa duk lokacin da Naira ta faɗi sai kuɗin littafin ɗan firamare ya tashi. Abin da muke iya sarrafawa a gida, kamar kwali da tishu da faifan ƙwai, akasari daga tsohuwar takarda ne. Saboda haka yaron da ke yawo da sikeli a Unguwar Rogo da Gangare da Dilimi, da direban tirela, da mai tsayuwa a kan tanki, duk suna toshe wata kafa ce da manya suka bari a buɗe.

Duk da haka, damuwar da na nuna a wancan dare ba ta rasa tushe ba, wurin da na ajiye ta ne ba daidai ba. Mu mutanen Jos mun san asarar gobara. Mun ga yadda babbar kasuwar Terminus ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, mun kuma ga gobarar da ta ci ɗakin karatu na Jami'ar Jos da ke Naraguta a watan Oktoba na 2016, inda littattafai da kundaye masu ɗimbin yawa suka zama toka. Ita gobara kowa yana ganin hayaƙinta, a yi jaje, a buga a jarida. Amma akwai wata asarar da ke tafiya a hankali, buhu-buhu, ba mai ji ba mai gani. Dattijo ya rasu, magada su share ɗakinsa, takardunsa na ajami su tafi wurin mai sikeli ko mai ƙosai. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da na Nigerian Standard ta nan Jos, da ƙananan littattafan hikaya na Kano waɗanda aka buga sau ɗaya ba a sake ba, duk haka suke salwanta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kundayen ɗalibanmu. Sau da yawa ɗalibi yakan je ƙauyensu ya ɗauko waƙoƙin niƙa ko na daɓe ko kirarin mafarauta daga bakin tsohuwa ko tsoho, bayan shekara kaɗan mai bakin ya rasu, ya zama duk duniya babu inda waƙar ta rage sai a wannan kundi. Idan ya hau tirela, shi ke nan. Injin ba ya karatu, sikeli ma haka. Tantancewar da ake yi a bakin bel ta fari da baƙi ce, ta mai gam da marar gam. Tantancewar mai daraja da marar daraja aikinmu ne mu masu karatu, kuma a gida ake yin ta tun kafin a ɗaure bakin buhu.

To, mu koma tsakar gidana a wancan wata na Agusta. Yaya ya bar aiki tun 2015 ya dawo Jos, yana da ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gidansa. Allah Ya sa a daidai lokacin da yaron ya fara cusa takardu a buhu sai ga shi ya yi sallama, ya zo duba yara. Ya dubi kwalayen, ya dube ni, ya ce, "Dakta, an fara cin jari ke nan?" Ba ya kirana Dakta sai idan zai yi mini tsiya. Ya ce wa yaron ya dakata, ya jawo kujera 'yar tsugunno, ya zazzage buhun farko a kan tabarma. Hannuwan nan nasa masu tabo suka shiga aiki da saurin da na sani tun shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ya ware shafukan da ke da ayoyi a cikin kundina, domin na yi nazarin waƙoƙin wa'azi ne, ni kuwa ko tunanin haka bai zo mini ba. Can sai na ga ya tsaya cak, ya ɗago wani ɗan littafin rubutu mai bangon shuɗi wanda ya maƙale a tsakanin jaridu.

Littafin Baba ne. Da ajami ya rubuta shi, da hannunsa mai karkata. A ciki akwai ranar haihuwar kowannenmu bisa lissafin watan Musulunci, da nauyin kuzar da ya wanke mako-mako, da sunayen waɗanda yake bi bashi da waɗanda ke bin sa, kowanne an ja masa layi ranar da aka biya. A shafukan ƙarshe, daga 1988, ya riƙa rubuta duk saƙon da ya zo daga Legas, a gefe kuma abin da aka yi da shi. Kusan kowane layi sunana ne a gabansa. Ni na karɓi littafin bayan rasuwarsa da cewa ni ne mai ilmin adana shi, har na yi alkawarin zan juya shi zuwa boko, ga shi saura ƙiris in sayar da shi a kilo. Yaya bai ce mini komai ba. Ya goge bangon da hannun rigarsa, ya sa a aljihun gaba, ni kuma ban yi ƙarfin halin cewa ya ba ni ba.

Da muka zo kan kwalaye huɗun nan na littafina, ya tambaye ni ko an karanta su. Na ce ai kasuwa ta ƙi. Ya ce, "Ba kasuwa na tambaye ka ba. Ka manta makarantar allo? Yaushe Malam ya taɓa barin mu wanke allo karatu bai zauna ba?" Nan take na tuna. Sai ka biya, ka sake biyawa, Malam ya gamsu, sa'an nan ya ce je ka wanke. Ko ruwan wankin ma ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Ya ce kwafe-kwafen kundin nan bakwai sun gama aikinsu, tunda na gaskiyar yana ɗakin karatu, jaridun ma in ban da 'yan ƙalilan da ya ware an karanta su an gama, waɗannan halal ne a wanke. Amma littafin da ko buɗe shi ba a yi ba, kai shi tanki zalunci ne.

Abin da yaron ya biya ni a ranar bai kai kuɗin rabin buhun masara ba. Littattafan kuwa, da aka koma makaranta na ɗauke su a bayan mota na rarraba wa wasu makarantun sakandare da na Islamiyya a cikin gari, kyauta. Ban san ko nawa aka karanta ba. Na dai san wata yarinya ta aiko mini da wasiƙa tana cewa ƙarshen labari na uku bai yi mata daɗi ba, kuma da na sake dubawa na ga tana da gaskiya.

Roƙona ga ɗalibai da abokan aiki bai da yawa. Kada mu raina mai sikeli, kada kuma mu hana shi abin da ya gama amfani, domin tara takarda har gara ta cinye ba adana ba ne. Amma kafin mu miƙa buhu mu zauna mu duba shi shafi-shafi. Abin da ke da ayar Allah a ware shi. Abin da muke zaton babu irinsa a wani wuri, ko da lissafin bashin wani tsoho ne, a ɗauki hotonsa da waya, a kawo wa sashe, ko a nemi masu adana irinsa a Gidan Tarihi na Jos, ko Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Ni kaina yanzu duk ranar Asabar nakan je shagon Yaya da littafin rubutu, ya fito da na Baba daga cikin akwati, yana karanto mini ina juyawa zuwa boko, domin ya fi ni iya karanta hannun tsohon. Mun kai shekarar 1991. Har yanzu bai yarda in tafi da shi gida ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Allah Ya jiƙan mahaifanmu, Ya saka wa duk wanda ya ci wuya domin wani ya yi karatu, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.